'Yan'uwa Sun Tafi da Shi Gida

Tun da na dawo daga Zuru ba ni da sakat. Wadda ta gan ni a bakin aji sai ta ce, "Habiba, ya Zuru?" Wadda ta same ni a gidan suna sai ta ce, "Ke, wai da gaske can mata ne ke noma?" Ni kuma in ce lafiya lau, in kama wata hirar. Har ƙawayena suka fara cewa ko wani abu aka yi mini a can, tunda ni da aka sani da surutu kamar an kunna rediyo na dawo ba um ba um-um. Ba abin da aka yi mini sai alheri. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaitsaye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ta karanta ta huta.

Ga abin da ya kai ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na koma jami'a ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Wata ƙungiyar agaji ta samo allurar kashe dafin maciji, ba mai yawa ba, iyakarta ta ishi asibiti ɗaya na 'yan shekaru. Suka roƙi malaminmu, wani Farfesa mai sanyin hali, ya tura ɗalibansa asibitocin karkara da ake yawan kai waɗanda maciji ya sara, a duba katunan marasa lafiya, a ga inda aka fi mutuwa. Inda aka fi mutuwa, can maganin zai tafi. Ni rabona ya faɗa kan wani ƙaramin asibitin mishan a bayan Dabai, a ƙasar Zuru, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Kwamitin jami'a ya ba ni takardar izini da sharaɗi biyu: kada in kwafi sunan kowa, kada kuma in rubuta abin da ba ya cikin kati.

Lokacin kaka ne, dawa ta fara nuna. Na bar 'yata wurin mahaifiyata a Funtuwa na kama hanya. Zuwa Gusau babu abin faɗi. A Gusau ne na shiga wata tsohuwar fijo mai bi ta Anka da Daki Takwas, wadda ƙofarta ta baya da igiya ake ɗaure ta. Lokacin dokar raba maza da mata a mota na kan ganiyarta a Zamfara, saboda haka aka cusa mu mata a kujerar can ƙurya, tare da wani buhun albasa da ba na kowa a cikinmu ba. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, ta lulluɓe da mayafi har goshi. Na ɗauka Hajiya ce na yi mata sallama, ta amsa tsaf, har da "ya ibada".

Mun wuce Daki Takwas kaɗan taya ta fashe. Direba ya fito da ta ajiya, sai ga shi ta fi wadda ta fashe neman taimako. Ya share gumi ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, motag ga ba ta taɓa kwana daji ba." Wani dattijo daga gaba ya ce, "Komi na da farko." Muka baje a gindin wata ɗorawa, direba ya hau mashin da tayar ya tafi neman mai faci. Allah ya kawo mana wasu 'yan matan Fulani da ƙwaryar fura da nono, ba don su ba da yunwa ta yi mana illa.

A kan iyakar Zamfara da Kabi babu wani abin a zo a gani, allo ne da ya yi tsatsa, da wasu mutane da katako mai ƙusoshi suna tare motocin hatsi. Muna ƙetarewa Hajiyar tawa ta zare mayafinta, ta ninke shi tsaf ta tura a jaka, sai ga kitso da sarƙa mai gicciye. Ashe 'yar kasuwa ce, Ibo, mai shagon atamfa a Zuru. Ta ga na saki baki sai ta fashe da dariya ta ce, "Malama, mun shiga gida, bari kai ya sha iska." Daga nan har tasha ita ta riƙa nuna mini gari da gari, tana gaya mini inda masara ta fi araha.

Daga tashar Zuru zuwa asibitin sai da ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa a bakinmu. Na daɗe rabona da hawa bayan baƙon namiji, na riƙe ƙarfen baya da hannu biyu ina ta addu'a, shi kuma yana ta zuba mini labarin yayansa soja. A wata gangara muka yi kiciɓis da wani mashin ɗauke da mutum uku. Na tsakiyar an rufa masa zane a ka, kansa ya kwanta a bayan mai tuƙi, wata mata ta rungume shi ta baya. Mai kabu-kabuna ya rage gudu, ya kauce gefe, ya cire hularsa. Na ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ya mai da hularsa, bai kuma koma kan labarin yayan nasa ba har muka isa.

Mai riƙe da asibitin wata dattijuwar nas ce, Sista Rahila, gajeriya, mai furfura, da tarin makullai a ƙugu. Likita ba ya zama, daga gari yake zuwa jifa-jifa. Da ta karanta takardata sai ta ɗora ta a ƙirji ta ce, "Allah ya ji kukanmu." Ta ja hannuna, ko jakata ban ajiye ba, ta kai ni gaban wani firji mai aiki da kananzir, ta buɗe. Allurar rigakafin yara ce a ciki da gorar ruwa.

Ta ce, "Kin ga wurin da za mu aje maganin. Kububuwa ta gama muna da samari, Malama. Da damina in ana noma, da kaka in ana girbi. Mu dai mu wanke ciwon, mu sa ruwa, mu yi addu'a."

Ga wadda ba ta san kububuwa ba, 'yar ƙaramar macijiya ce, kalar ƙasa, ba ta kai tsawon hannu ba. Saranta ba ya kashewa nan take. Jinin mutum ne yake daina daskarewa, ya yi ta zuba ta dasashi, ta hanci, ta tsohon tabo, kwana da kwanaki, har ya ƙare. Da allurar, mutum kan tashi. Babu ita, sai abin da Allah ya yi.

Asibitin ba shi da masauki, sai Sista ta kai ni gidan maƙwabtanta a kan tudu, gidan Mama Ladi da mijinta Baba Saje, tsohon soja. Mu Dakarkari muke ce musu, su kuwa Lelna suke kiran kansu, kuma da wuya ka shiga gida a ƙasar ba ka ga hoton wani cikin kakin soja a bango ba. Kiristoci ne, ni kuma na zo da ɗari-ɗarina na 'yar birni, har da gwangwanin madara da garin kwaki a jaka don kada in ci abin da ban sani ba. Kunya ta kama ni tun daren farko. Mama ta sa an sayo sabuwar tukunya domina, ta aika da kaza wurin wani mahauci Musulmi ya yanka, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma ta ce, "Ɗiyata, gabas nan ne, na tambaya." Tuwon dawarta kuwa, da miyar yakuwa da gyaɗa, in na tsaya yabonsa ba za mu gama yau ba. Garin kwakina kajin gidan ne suka ci moriyarsa.

Washegari na sa farar rigata na tafi ɗakin ajiye katuna da ƙarfina. Mai riƙe da makullin, Malam Danjuma, ya karanta takardata daga sama har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai ƙari, ya miƙo mini. Wai an rubuta ta ne zuwa ga likita, su kuma ba su da likita, sai ofishin coci a Zuru ya buga hatimi. Na hau mashin na koma Zuru, aka ce mai hatimin ya tafi jana'iza. Na ce yaushe zai dawo, aka ce ai jana'izar surukinsa ce. Ban fahimci amsar ba sai da na yi kusan mako ina sintiri. A gidanmu mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi. A can sai an jira na Legas da na barikin Jos sun iso.

Zaman jiran nan ne ya sa na saba da mutanen gidan. Eh, mata suna noma, kuma ba noman wasa ba. Na bi Mama gona rana ɗaya, na yanke kan dawa bai fi cikin kwando ba hannuna ya yi bororo, ta kore ni inuwa tana dariya. A inuwar nan ta ba ni labarin ɗansu na fari, Bulus. A al'adarsu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da abokansa su yi wa surukai noma shekara bakwai. Na ce lallai da a Funtuwa ne da gwauraye sun cika gari. Ta yi murmushi ta ce Bulus yana shekararsa ta ƙarshe, a gonar surukan, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Shekara uku ke nan. Yarinyar ta auri wani.

Da yamma Baba Saje ya ji muna maganar, sai ya ce in biyo shi. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, amma har yanzu tafiyar fareti yake yi. Ya tura ƙofar ɗakinsa ya nuna mini gadon ƙarfe.

Ya ce, "Nan ya cika, kan gadona. Ina Birnin Kabbi wurin tantance 'yan fansho, ban iske shi da rai ba. Amma uwarsa ta yi ƙoƙari, ta ɗauko shi daga asibiti ya iso gida da numfashinsa. Malama, ni na je Laberiya, na ga yaran da sunka mutu babu kowa nasu kusa. Ɗana bai mutu hannun baƙi ba. Shi ɗai ke sa ina iya barci."

Mama tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba. Na ɗauka hayaƙi ne ya dame ta.

Da hatimi ya samu Malam Danjuma ya buɗe mini ɗakin. Katunan a ɗaure suke dami-dami cikin kwalaye, wasu gara ta ci gefensu, jemagu sun yi wa na sama ado, wata kaza kuma ta mai da kwali ɗaya wurin ƙwai, ba ta yarda na taɓa shi ba sai da aka kira mai ita. Na ɗaure hanci da ɗankwali na duƙufa. Duk katin da na ga saran maciji sai in ware, in ba shi lamba, in rubuta shekarun mai shi, da inda aka sare shi, da yadda ya ƙare. Sara kam ga shi nan tuli, har na daina mamaki. Amma da na zo haɗa lissafi sai na ga abin da ban zata ba. Wasu an sallame su sun warke. Sauran, masu yawa, layi ɗaya ne a ƙarshen katinsu: 'yan'uwa sun tafi da shi gida. Wanda aka rubuta ya mutu, babu ko ɗaya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Da murnata na je ofishin Sista na ce, "Sista, asibitinku ya ciri tuta. Ba magani, amma ba ku taɓa rasa ko mutum ɗaya ba."

Ta dube ni. Sannan ta tashi ta rufe ƙofa ta ce in zauna.

Ta ce, "Habiba, ranar da kinka zo, kin gamu da mashin da mutum uku a hanya? Daga nan ya fita. Na tsakiyar ya riga ya cika tun kan gado. Ni na rufa mai zanen."

Ta bayyana mini. A ƙauyukan duwatsun nan, Kirista da Musulmi da mai bin na gargajiya, abu ɗaya suka haɗu a kai: mutum ya cika a gidan ubansa. Wanda ya bar nasa ya mutu a asibiti, har abada ana nuna gidansu, a ce sun yar da shi a hannun baƙi. Saboda haka da an ga mara lafiya ya fara nisa sai a ɗauke shi a yi gida da shi. Wani yakan kai, wani a hanya. Wani kuma kububuwa takan yi wa dangi sauri, ya cika kafin a samo mashin. In aka rubuta ya mutu, sai an kai gawa gari an jira takarda, duniya ta ji. To tun zamanin nas-nas na farko aka saba, in uwa ta durƙusa tana kuka, a rubuta sun tafi da shi gida, a zaunar da shi a mashin kamar mai rai. Masu kabu-kabu sun sani, ba sa faɗi.

Na ce, "Sista, kin san abin da wannan yake nufi? Maganin inda aka fi mutuwa za a kai shi. A takarda ku ba ku da mamaci."

Ta ce, "Na sani tun da na karanta takardarki. Na yi ta fatan ko ke za ki ga wata hanya." Hawaye suka zubo mata. "Tausai munka ji. Wa ya san wata rana za a zo ƙidaya?"

Ban taɓa jin tausayi da haushi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Waya ba ta kamawa a asibitin sai an hau wani dutse a bayan coci, a tsaya a kan wani fale-falen da kowa ya sani. Na hau ina haki na kira Farfesa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce wanda ya mutu a gida ba zai shiga lissafi ba, don ba wanda ya san abin da aka ɗura masa bayan ya bar asibiti. Amma in dangi suka shaida cewa a kan gadon asibiti mutum ya cika, asibiti ya gyara katin a hukumance, wannan ya zama abin da ke cikin kati, zan iya rubutawa. Da likita ya zo ya yarda da gyaran, da sharaɗin wanda aka rubuta sunansa a katin a matsayin mai mara lafiya shi zai sa hannu.

Haka ni da Sista muka shiga ƙauyuka a bayan mashin, ta wajen Kanya har kusa da Ribah, hanyoyin da ko akuya sai ta yi tunani. Sista ta san gidajen, don ita ta rufa zanen. Ko'ina aka tarbe mu da ruwa da kujera, wani wuri har da rake da gyaɗa. A gefen wani ƙauye na ga tsofaffin kaburbura da tukwanen ƙasa masu ado a kife a kansu, aka ce na kakanni ne, har yau ana share wurin. Mutanen da ke kula da matattunsu haka, na ce a raina, da wuya su ba mu abin da muka zo nema. Haka kuwa aka yi. Wani dattijo da ya rasa 'ya'ya biyu ya saurari Sista da yarensu har ta gama, sannan ya juyo gare ni da Hausa ya ce, "Malama, ku sha ruwa. 'Ya'yana gida sunka cika." Matarsa tana tsaye a bayansa tana kallon Sista, Sista tana kallon ƙasa. Duk inda muka je amsar ke nan, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ranar da muka gama zagayen muka dawo da la'asar, jikina duk ya mutu. Muka zauna a tsakar gidan Mama, tana tsince wake a faifai, Baba ya tafi majalisarsu ta tsofaffin sojoji. Na ce wa Sista jibi zan tafi, ba abin da ya rage. Mama ta tambayi abin da ya faru, na gaya mata a taƙaice, har da cewa ko mutum ɗaya muka samu da na sami abin nunawa. Sista ta yi mini wani kallo, ban gane ba sai daga baya.

Mama ta ajiye faifan ta ce, "Nawa a asibiti ya mutu."

Sista ta ce, "Ladi, yi shiru."

Ta ce, "Na yi shiru shekara uku. Ƙaninsa bana ya fara golmo. Kullum ya fita da fartanya ba ni cin abinci sai ya dawo." Ta juyo gare ni. "Ɗiyata, in an rubuta Bulus, maganin zai zo?"

Wallahi na so in ce mata eh, na kuma so in ce mata a'a ta bar maganar. Na gaya mata gaskiya, cewa ban sani ba, mutum ɗaya ba lallai ya isa ba, kuma sunan Baba ne a katin, shi zai sa hannu, ba yadda za a yi a ɓoye masa. Na ce ta kwana ta yi tunani. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince waken.

Da safe bayan sun yi addu'arsu ta kira ni, ta aika aka kira Sista da katin Bulus. Baba yana zaune a kujerarsa a ƙofar ɗaki yana shan kunu. Mama ta durƙusa a gabansa ta yi magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Bulus, amma na ga lokacin da maganar ta isa. Ya ajiye kofin a hankali a ƙasa. Ya juya ya dubi cikin ɗakin, wajen gadon, ya daɗe. Da ya buɗe baki da Hausa ya yi magana, kuma Sista ya tambaya.

"Wa ke riƙe da shi?"

Sista ta ce, "Uwarsa na riƙe da kansa, ni ina riƙe da hannunsa."

"Ya kira ni?"

Sista ta dubi Mama. Mama ta ce, "Ya kira."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo hannu aka ba shi biro, ya ɗora katin a gwiwa ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe irin na soja, har da lambarsa ta aiki, wadda ba wanda ya tambaye shi. Sannan ya tashi ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai yi wa matarsa faɗa ba, bai kuma dube ta ba. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Washegari na tafi. Mama ta cika mini jaka da gyaɗa da busasshiyar yakuwa, ta raka ni har bakin hanya. Baba ya sara mini daga nesa irin gaisuwar soja ya ce in gaida Farfesa. Hanyar dawowa ba taya da ta fashe, ko ta fashe ban lura ba.

Na miƙa aikina. A jadawalin, a gurbin waɗanda suka mutu, na rubuta ɗaya. A ƙasa na yi dogon bayani kan masu tafiya gida, Farfesa ya karanta ya ce ya yi kyau, ya ƙara nasa ya aika. Bayan wata biyu ya kira ni ofis. Ƙungiyar ta ce ta gode da bayanin, amma ba za ta iya raba magani da abin da ba a rubuta ba. An ba wani asibiti a wata jiha, inda katunansu suka nuna mutuwa da yawa. Su ma mutane ne, su ma kububuwar ce, ba zan ce an yi zalunci ba. Farfesa ya ce kundina na cikin waɗanda suka fi kyau a bana. Na ce na gode.

Na yi kwanaki ina juya wayata kafin in aika wa Sista saƙo cewa ta hau dutse ranar Lahadi bayan coci. Lokacin an fara yayyafin farko, manoma sun fara fita. Na gaya mata, ina jin iska tana kaɗawa a wayar. Ta ce, "To. Allah ya sa ya amfane su can." Na tambayi Mama, ta ce tana nan, ta rame. Na tambayi Baba.

Ta ce, "Saje ya bar kwana ɗakinsa, zaure yake kwana. Bayan kin tafi ya zo ya ce in nuna mai gadon da Bulus ya cika. Na nuna mai, na bakin taga. Tun ran nan kullum da safe sai ya sa wankakkun kaya ya zo ya zauna kan benci ta waje, daidai tagar. Ba ya magana da kowa. In rana ta yi zafi ya tashi. Amma kafin shi tafi sai ya leƙo ofis ya ƙame, ya ce, Sista, maganin ya iso? In ce mai tukuna." Sannan ta ce, "Habiba, gobe in ya leƙo mi za ni ce mai?"

Ban kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba. Muka tsaya haka mu biyu, ita a kan dutse ni a ɗakina, har katin wayar ya ƙare.